Sharhi: Gubar Da Ke Ɓoye Cikin Dusar Ƙanƙara Da Darasin Da Ke Ciki Ga Mutanen Karkara

A tsakiyar watan Maris na shekarar 2022, mutanen ƙasashen Sifen da Faransa da Suwizalan suka wayi gari suka tarar sararin samaniyarsu ya yi jawur, motocinsu da rufin gidajensu sun yi butu-butu da ƙura, dusar ƙanƙarar da ke kwance bisa tsaunukansu kuwa ta rikiɗe daga fari fat zuwa launin jar ƙasa. Irin haka ya taɓa faruwa a watan Fabrairun 2021, haka kuma a watan Maris na 2018, lokacin da dusar da ke tsaunukan Sochi na ƙasar Rasha ta koma ruwan goro. A duk lokutan nan uku, masana yanayi sun bi sawun ƙurar har zuwa inda ta taso, wato hamadar Sahara, wadda muke zaune a bakinta ta kudu.

Mai karatu zai iya tambaya: ina ruwanmu da dusar ƙanƙara, alhali ba ta sauka a ƙasarmu? Tambaya ce da ta dace, kuma amsarta biyu ce. Ta farko, iskar duniya ɗaya ce, ba ta san iyakar ƙasa ba, kuma wani ɓangare na abin da ake tsinta cikin dusar wasu ƙasashe daga nahiyarmu ya tashi. Ta biyu, dusar ƙanƙara ta zama wa masana tamkar kundin ajiya, domin duk abin da ya ratsa iska a lokacin sanyi yakan bar alamarsa a cikinta. Wanda ya fahimci abin da ke rubuce a kundin nan zai fahimci abin da ke sauka a kan rufin ɗakinsa da rijiyarsa da gonarsa a lokacin hunturu, ko da bai taɓa ganin dusa da idonsa ba.

Yadda dusar ƙanƙara ke tara datti

Dusar ƙanƙara ta bambanta da ƙanƙarar da muka sani, wadda ke faɗowa kamar tsakuwa tare da ruwan bazara ta lalata shuka. Ita dusa laushi gare ta kamar saɓin auduga. Tana samuwa ne idan tururin ruwa ya daskare a cikin gajimare saboda tsananin sanyi, kuma galibi sai ya sami wata 'yar mitsitsiyar ƙwayar ƙura da zai manne wa kafin ya daskare. Ke nan tun daga asalinta akwai ƙura a tsakiyarta. Idan ta taso faɗowa kuma, tana saukowa ne sannu a hankali, ga ta da rassa masu yawa, don haka takan share hayaƙi da tururin sinadarai da ke cikin iska kamar yadda tsintsiya ke share tsakar gida.

Bayan ta sauka, a ƙasashe irin su Kanada da Rasha da Norwe da kuma bisa manyan tsaunuka, takan zauna a ƙasa wata uku zuwa shida ba ta narke ba. A tsawon wannan lokaci sabuwa na hawa kan tsohuwa, ƙura da hayaƙi na ci gaba da sauka a kai. Wannan ita ake kira dusar shekara, domin takan zo da sanyi ta tafi da shigowar zafi, saɓanin daskararriyar ƙanƙarar da ke tsibirin Girinlan da yankin Antaktika, wadda ta shafe dubban shekaru tana taruwa. Ko a nahiyarmu ana samun dusar shekara a tsaunukan Atlas na Maroko da Aljeriya da tsaunukan Lesoto, kuma ta sauka a garin Ain Sefra da ke bakin hamadar Aljeriya a 1979 da 2016 da 2018. A Saudiyya ma takan sauka jefi-jefi a tsaunukan yankin Tabuka.

Abin da ba da hannun mutum ba

Masana sun kasa sinadaran da ake samu cikin dusa gida biyu: waɗanda halitta ke samarwa da kanta, da waɗanda ayyukan ɗan'adam ke haifarwa. A rukunin farko, ƙura ce kan gaba, kuma babu wurin da ya kai Sahara fitar da ita a duk duniya. A wani binciken da hukumar sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, ta fitar a 2015, an ƙiyasta cewa kimanin tan miliyan 182 na ƙura ke barin Sahara ta yamma a kowace shekara, kuma kimanin tan miliyan 27 da ɗoriya daga ciki na sauka a dajin Amazon na Kudancin Amurka. Wuri mafi shahara wajen tayar da ita shi ne kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda a zamanin da can ƙasan wani makeken tafki ne da Tafkin Chadi na yau ya zama ragowarsa. Daga wannan yanki ne mafi yawan hazon da ke rufe mu a watannin Disamba da Janairu ke tasowa. Ƙurar da ke kaiwa Turai kuwa ta fi tasowa daga arewacin hamadar, wajajen Aljeriya da Maroko da Libiya.

Ƙurar hamada na ɗauke da sinadaran ƙarfe da alli da fosfaras. Tana da amfani ga ƙasar noma, domin tana ƙara mata abinci, kuma allin da ke cikinta na rage tsamin ruwa. Amma idan ta sauka kan dusa, illarta na fitowa fili. Sabuwar dusa na mayar da kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na hasken rana sama saboda farinta. Da zarar ƙura ta dusashe farin nan, sai ta riƙa shan zafi kamar yadda baƙar riga ta fi farar riga zafi a rana, ta narke tun lokacinta bai yi ba.

Bayan ƙura akwai gishirin teku, wanda iska ke ɗebowa daga kumfar igiyar ruwa ta kai shi nesa. Akwai duwatsu masu aman wuta, waɗanda ke fitar da toka da hayaƙin farar wuta da zaiba. Har yau ana iya ganin sawun aman dutsen Laki na ƙasar Aisilan na 1783, da na dutsen Tambora na Indonisiya na 1815, a cikin tsohuwar ƙanƙarar Girinlan. Akwai kuma gobarar daji, wadda tsawa kan tayar a wasu lokuta. A shekarar 2023 wuta ta ci kimanin hekta miliyan 15 na dazuzzukan Kanada, har hayaƙinta ya tsallaka teku ya isa Turai.

Sai dai ya kamata mu lura cewa ko a wannan rukuni hannun mutum na iya ƙara wa abin ƙarfi. A yammacin Amurka, bayan da aka cika filaye da garkunan shanu da tumaki a ƙarni na 19, kofatan dabbobi suka farfasa ɓawon ƙasa, ƙurar da ke sauka kan tsaunukan jihar Kolorado ta ninka sau da yawa. Wani bincike na 2010 ya nuna cewa saboda wannan ƙura, cikar kogin Kolorado na zuwa da wuri da kusan mako uku, ruwansa na shekara kuma na raguwa da kimanin kashi 5 cikin ɗari. Kogi ne da miliyoyin mutane ke sha suna noman rani da shi, a Amurka da Meziko.

Abin da hannun mutum ya jawo

A rukuni na biyu, labarin dalma ne ya fara buɗe idon duniya. Tun daga shekarun 1920 aka riƙa zuba sinadarin dalma cikin man fetur domin inji ya yi aiki lami lafiya. A 1969 wani masanin Amurka mai suna Clair Patterson da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon awon da suka yi wa dusa da ƙanƙarar Girinlan. Sun gano cewa dalmar da ke cikin sabuwar dusa ta ninka ta zamanin da fiye da sau 200, alhali babu wata babbar hanyar mota kusa da wurin. Hayaƙin motocin Amurka da Turai ne iska ta kai can. Bayan da ƙasashen suka fara janye dalma daga fetur, aka sake awo, aka ga cewa zuwa ƙarshen shekarun 1980 ta ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin bakwai na yadda take shekara ashirin kafin nan. Ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara, har da Najeriya, sun kammala daina sayar da irin wannan fetur zuwa farkon 2006, kuma Aljeriya ce ta rufe babin a duniya baki ɗaya a 2021. Wannan ya nuna cewa doka na aiki idan an bi ta, kuma ana iya ganin amfaninta a ma'auni.

Na biyu shi ne hayaƙin kwal da man masana'antu, wanda ke ɗauke da farar wuta da sinadarin naitirojin. Idan suka haɗu da danshin iska sai su zama asid, su sauko cikin ruwan sama ko dusa. Ƙasashen Norwe da Suwidin sun sha wahalar wannan a shekarun 1960 da 1970, domin hayaƙin masana'antun Ingila da Jamus da Folan ne ke sauka a kansu. Kukan da suka yi ya taimaka aka ƙulla yarjejeniyar Janiba ta 1979 kan gurɓatacciyar iskar da ke tsallaka iyakokin ƙasashe, kuma tun daga lokacin hayaƙin farar wuta ya ragu ƙwarai a Turai. A inda ba a ɗauki mataki ba kuwa matsalar na nan: a Fabrairun 2019 baƙar dusa ta sauka a garuruwan da ake haƙar kwal na yankin Kuzbas a Sibiriya.

Na uku shi ne baƙin kunkunniya, irin wadda muke gani a bangon ɗakin girki da bututun hayaƙin babbar mota. Tana fitowa daga injinan dizal, da ƙona itace da kwal, da ƙona daji da ragowar amfanin gona, da wutar iskar gas da ake ƙonawa a rijiyoyin mai. Kaɗan daga cikinta ya isa ya dusashe farin dusa. Wadda ke sauka a ƙuryar arewacin duniya ta fi fitowa daga Rasha da Turai da Asiya, wadda ke sauka a tsaunukan Himalaya kuwa daga filayen Indiya da maƙwabtanta. Rabonmu a cikin wannan kaɗan ne, amma tamu kunkunniyar mu muke shaƙarta, kamar yadda mazauna Fatakwal suka shaida tun daga ƙarshen 2016, lokacin da baƙin hayaƙi ya fara sauka a kan garinsu.

Na huɗu su ne magungunan ƙwari da sinadaran masana'antu masu wuyar ruɓewa, irin su DDT da lindan da endosalfan da PCB. Halinsu shi ne, a ƙasa mai zafi sukan tashi sama a matsayin tururi, iska ta kwashe su, su sauka inda aka yi sanyi, idan zafi ya dawo su sake tashi. Haka suke tafiya zango-zango kamar fara, har su ƙare a ƙuryar arewa ko bisa tsaunuka, inda sanyi ke riƙe su. A ƙarshen shekarun 1980, likitoci a Kanada suka yi mamakin samun sinadarin PCB a nonon matan ƙabilar Inuit na can arewa fiye da na matan birane ninki da dama, domin gubar ta taru a kitsen kifi da dabbobin ruwan da suke ci. Irin wannan ne ya kai ga yarjejeniyar Istokhom ta 2001, wadda ta fara aiki a 2004, Najeriya kuma na cikin ƙasashen da suka amince da ita. An sanya lindan cikin jerin abubuwan da yarjejeniyar ta haramta a 2009, endosalfan kuma a 2011. Lindan ɗin nan shi ne sinadarin da ke cikin maganin Gammalin 20, wanda dattawanmu ke tuna yadda wasu suka riƙa zuba shi a tafki domin kama kifi.

Na biyar ita ce zaiba, wato sinadarin makuri. Tururinta na iya yin wata shida zuwa shekara guda a cikin iska, saboda haka babu inda ba ya kaiwa. Rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ƙiyasta cewa ayyukan mutane sun fitar da kimanin tan 2,220 na zaiba zuwa iska a 2015, kuma kusan kashi 38 cikin ɗari na wannan adadi ya fito ne daga ƙananan masu haƙar zinariya, waɗanda ke haɗa ta da garin dutse su ƙona a wuta. A nan babu ja, nahiyarmu na da hannu, domin rahoton ya ba Afirka kudu da Sahara kimanin kashi 16 cikin ɗari na jimillar. Yarjejeniyar Minamata, wadda aka ƙulla a 2013 ta fara aiki a 2017, an yi ta ne domin rage wannan guba, kuma Najeriya ta tabbatar da shigarta a 2018.

Na ƙarshe su ne sababbin baƙi. A 2019 masana daga Jamus suka ba da rahoton samun ɓurɓushin roba da ido ba ya gani a dusar yankin Aktik, har fiye da guda 10,000 a lita ɗaya a wani wurin. A wannan shekara dai wata tawaga ta ɗebo dusa a tsaunin Everest, aka sami zaren roba a tsayin mita 8,440, aka kuma sami sinadaran PFAS, waɗanda ake shafa wa rigunan ruwa da tantuna. A 2022 aka ba da labarin samun ɓurɓushin roba a sabuwar dusar Antaktika, cikin dukkan samfura 19 da aka ɗeba. A birane kuwa akwai gishirin da ake watsawa a tituna don narkar da ƙanƙara, wanda Amurka kaɗai ke zuba kimanin tan miliyan 20 a shekara, kuma ƙarshensa rijiyoyi da koguna.

Batun bama-baman Sahara

Akwai wani ɓangare na labarin nan da ya taɓa tarihinmu kai tsaye. A ranar 13 ga Fabrairun 1960 Faransa ta gwada bom ɗinta na nukiliya na farko kusa da garin Reggane a hamadar Aljeriya. Ta yi gwaji huɗu a sarari a 1960 da 1961, ta ƙara 13 a ƙarƙashin ƙasa zuwa 1966. Ƙasashen Afirka ta Yamma sun yi tir da wannan, saboda tsoron kada iskar hunturu ta kwaso gubar zuwa garuruwansu. A Janairun 1961 gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Legas ta yanke hulɗar jakadanci da ƙasar.

Shekara sittin bayan haka, da ƙurar Fabrairun 2021 ta sauka a gabashin Faransa, wata ƙungiyar sa ido kan tururin nukiliya ta auna ta, ta sami ɗan ɓurɓushin sinadarin siziyam, ta kuma danganta shi da gwaje-gwajen Reggane. Labarin ya bazu ko'ina. Amma da aka yi cikakken bincike kan ƙurar Maris 2022, wanda aka wallafa a farkon 2025, sai aka ga cewa ko da yake ƙurar daga kudancin Aljeriya ta taso, tambarin sinadarin fulutoniyam da ke cikinta ya fi dacewa da na manyan gwaje-gwajen Amurka da Tarayyar Sobiyet, waɗanda gubarsu ta watsu a duk faɗin duniya a shekarun 1950 da 1960. An kuma tabbatar cewa yawansa ya yi ƙasa ƙwarai da abin da zai cutar da lafiya. Wannan bai wanke Faransa daga ɓarnar da ta bari a wuraren gwajin ba, wadda Aljeriya ke ta neman a share. Darasin da ke ciki ga jami'anmu shi ne, idan guba ta ɓulla, awo ne ke faɗin tushenta, kuma zargin farko na iya kaucewa gaskiya ko da ya yi kama da ita.

Haɗarin ruwan farko

Babban haɗarin dusa mai datti na zuwa ne ranar da ta fara narkewa. Sinadarai da yawa ba sa shiga cikin ƙwayar ƙanƙara, a bayanta suke maƙalewa. Saboda haka ruwan da ya fara tsiyaya shi ke wanke su ya tafi da su. Masana a Norwe sun nuna a 1978 cewa kashi 30 cikin ɗari na farkon ruwan narkewa na iya ɗaukar rabi zuwa kashi 80 cikin ɗari na dukkan gubar da ta taru. Abin da aka yi watanni ana tarawa sai ya afka cikin rafi a 'yan kwanaki, daidai lokacin da ƙwayayen kifi ke ƙyanƙyashewa. Haka aka yi asarar kifi mai yawa a kogin Tobdal na kudancin Norwe a 1975. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, kuma a can maganar ta tabbata a zahiri.

Lamarin bai tsaya ga kifi ba. Kogunan Indus da Ganjis da Barahmaputra da wasu manyan kogunan Asiya daga tsaunukan Himalaya da kewayensu suke tasowa, kuma kusan mutum biliyan biyu ne ke zaune a tsaunukan da kwaruruwan waɗannan koguna. Idan ƙura da kunkunniya suka sa dusa ta narke da wuri, ruwa zai zo a lokacin da manomi bai shirya masa ba, ya kuma yi ƙaranci a lokacin da shuka ke bukatarsa. Pakistan da Indiya na cikin manyan masu fitar da shinkafa zuwa kasuwannin duniya, don haka abin da ya taɓa nomansu na iya taɓa farashi a wurare masu nisa.

Abin da ya shafe mu

Idan muka dubi namu yanayin, za mu ga cewa rani na yi mana aikin da dusa ke yi wa waɗancan ƙasashe. Daga Nuwamba zuwa Afrilu ko Mayu ba a ruwa. A tsawon watannin nan ƙurar hunturu, da tokar ƙonannen daji, da hayaƙin janareta da na tayoyin da ake ƙonawa, da kashin tsuntsaye da ƙadangaru, da ragowar maganin feshi, duk suna taruwa a kan rufin kwano da cikin magudanai da busassun ƙoramu. Ranar da aka yi ruwan farko, sai ya wanke su gaba ɗaya zuwa indararo da randa da kududdufi da rijiyar da ba ta da murfi. Duk uwar gida ta san launin ruwan farko na indararo. Abin da masanan Norwe suka auna da na'ura, mu da ido muke ganinsa.

Mun kuma san ɗacin gubar ƙarfe fiye da yawancin al'ummomi. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, saboda ana daka duwatsun zinariya masu dalma a cikin gidaje. A 2015 irin haka ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. A shekarar 2015 ɗin dai Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Wannan na nuna cewa kafin guba ta kai ga dusar wata ƙasa, wanda ya sake ta da iyalinsa ne ke fara kwasar kaso mafi tsoka.

Saboda haka muna kira ga magidanta da su bar ruwan farko na indararo ya zube har rufi ya wanku kafin a tara na sha, a share indararo kafin damina, a ɗaga bakin rijiya a yi mata murfi. Manoma su guji wanke injin feshi a rafi ko bakin rijiya, su daina zuba ruwan sha ko man girki a galan ɗin da aka taɓa sa magani, su sayi maganin da ke da lambar rajistar hukumar NAFDAC kaɗai, su kuma nemi shawarar malaman gona kafin su sa wa hatsi maganin ajiya. Masunta su yi watsi da duk wata dabarar kama kifi da guba. Masu haƙar zinariya su fitar da dakan dutse da ƙona zaiba daga cikin gari, nesa da mata da yara, su canza tufafin aiki su yi wanka kafin su shiga gida. Mafarauta da manoma su rage cinna wa daji wuta, domin karan da aka ƙona abincin dabba ne kuma takin gona ne.

Ga shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli da jami'an lafiya da duba-gari, aikin ya fi nauyi. Ya dace a riƙa auna ruwan rijiyoyi da burtsatse da madatsun ruwa sau biyu a shekara, a ƙarshen rani da bayan ruwan farko, a kuma ajiye sakamakon a rubuce. Da Patterson bai auna tsohuwar ƙanƙara ya kwatanta da sabuwa ba, da babu hujjar da za a tunkari kamfanonin mai da ita. Ƙaramar hukumar da ba ta da awon bara ba za ta san ko ruwan bana ya lalace ba. Haka kuma ya dace a ware wuraren zubar da shara nesa da magudanan ruwa, a yashe kwalbatoci kafin damina, a hana ƙona taya a mayanka, a kai rahoton duk wata mutuwar kifi ko dabbobi ko rashin lafiyar yara da ba a saba gani ba ga ma'aikatun lafiya da muhalli na jiha da hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007 domin tabbatar da bin dokokin muhalli. Hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai su ne suka fi kusa da jama'a, kuma maganarsu ta fi saurin shiga kunne.

Game da dashen itatuwa da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, ya kamata mu faɗa wa jama'a gaskiya. Babu yawan itatuwan da za su hana ƙurar Bodele tasowa, domin tun kafin kakanninmu take tashi. Amfanin itace shi ne ya kare gona daga zaizayar iska, ya riƙe ƙasar da ke ƙarƙashinsa, ya rage ƙurar da ke tashi daga filayenmu da sare daji da yawan kiwo suka tsiraita. Wannan kaɗai ya isa dalilin dasawa da kulawa.

Daga ƙarshe, tarihin dalma a fetur da na hayaƙin farar wuta a Turai sun nuna cewa gubar da mutum ya saki da hannunsa yana iya janye ta, muddin an auna, an yarda da sakamakon, an kafa doka, an kuma bi ta. Wadda ba da hannunmu ba, kamar ƙurar hamada, sai mu koyi zama da ita ta hanyar rufe ruwa da abinci da kare hancin yara da tsofaffi a kwanakin hazo. Rigakafi ya fi magani, kuma mafi yawan matakan da muka ambata ba sa bukatar kuɗi mai yawa. Muna fatan kafin ruwan farko na damina mai zuwa, kowace gunduma za ta duba indararonta da rijiyoyinta da magudananta. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka, amin.